Randar Ƙofar Gidan Kawu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi Kawu ya koma da hantsin wata Laraba, lokacin da ruwan gulbi ya fara janyewa daga gonakin shinkafa. Yayan mahaifiyata ne, masunci ɗan masunci, kuma ban san wanda ya kai shi rashin yarda ba a duk ƙasar Bagudo. Ba don in rage shi na faɗi haka ba. Da yana raye ya ji na yabe shi da wani abu daban, da sai ya tambaye ni abin da nake nema a wurinsa.

Jama'a ta zo, babu laifi. Masunta sun ɗaure jiragensu sun hau tudu, manoman Kaoje sun bar shinkafa a tsaye, 'yan kabu-kabun hanyar Lolo sun jera babura a gindin tsamiya. Har matan Dandi masu tsallako iyaka da gari da manja sun shiga cikin gida suna kuka da harshensu. Wani tsohon abokin kamun kifinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Yau mai bincikenmu ya tahi, kowa sai shi yi abin da ya ga dama." Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Liman kuwa cewa ya yi bai taɓa jawo hadisi a gaban Kawu ba tare da an tare shi a ƙofar masallaci an tambaye shi littafin da ya gani a ciki ba.

Amma akwai abin da na gani a zaman makokin nan wanda ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. A garinmu duk wanda ya zo gaisuwa ruwa ake fara miƙa masa. Ni da kaina na riƙa ɗauko kwanonin sha daga cikin gida ina ajiyewa a gaban mutane, ina dawowa in tarar da su a cike kamar yadda na kawo. Wannan ya ce yana azumin nafila, wancan ya ce ya sha a hanya. Can kuma sai in ga mai azumin ya zame ya nufi randar da ke ƙofar gida, wadda Kawu ya girke don masu wucewa, ya ɗaga moɗa biyu a tsaye. Ruwan cikin gida ne ba sa so. Kafin la'asar maganar ta iso kunnena, a bakin wani da bai san ina bayansa ba: wai ɗiyar Kawu ce ta kashe ubanta da wani baƙin gari da take sa masa a ruwa.

Ɗiyar da ake nufi taubashiyata ce, ɗiyarsa ta fari. Saboda ta fari ce, ana yaye ta aka miƙa wa mahaifiyata, a ɗaki ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka yi ta faɗa a kansa. Ita ta yi boko mai zurfi, ta karanci sinadarai, yanzu tana koyarwa a jami'a, ni kuma na ƙare a fataucin shinkafa da babur. Na sha gaya mata cewa duk karatun nan ni na bar mata don tausayi.

Wanda bai san mu ba sai na yi masa bayanin kunyar ɗan fari, don a kanta komai ya rataya. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa a gaban mutane, uwa ma haka, har ta fi. Yaran yanzu sun fara sassautawa, amma Kawu da matarsa, wadda muke ce wa Inna, sun riƙe abin da ƙarfi. Tun da nake ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci sunanta ba. "Waccan" yake ce mata, ko "ɗiyar gidanku". Ranar da aka zo da labarin ta gama digiri, tashi ya yi ya tafi duba komarsa ta kamun kifi. In ana son a yi magana a madadinta, aikin ƙanensa ne, wanda muke ce wa Kawu Ƙarami, ita kuma take ce masa Baffa.

Kalmar Kawu guda ce a kan kowane sabon abu: "A bari shi kwana." Ruwan da aka ɗebo daga gulbi sai ya jefa masa alif ya ce a bari shi kwana. Labarin da aka ji a kasuwar Lolo, a bari shi kwana. Baƙon da ya zo neman wurin zama, a ba shi tabarma da tuwo, amma amsa sai ya kwana. Na taɓa sayo masa rediyo, sabuwa fil a kwali. Bai ce an gode ba sai da ya kwance bayanta da wuƙar gyaran kifi ya leƙa ciki, ban san me yake tsammanin gani ba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, gari ya ɗauki kabbara, samari na ta murna, aka zo aka same shi yana ɗinkin taru. Ya ce shari'a ta Allah ce, ba ya ja da ita ko kaɗan, amma masu riƙe ta mutane ne, a bari su kwana. Wasu sun ji haushi, shi ko a jikinsa.

Sai dai mutumin da bai yarda da kowa ba, shi ne wanda kowa ya yarda da ruwansa. Gidansa na bakin hanyar da ake bi zuwa Lolo, tun kafin a haife ni ya binne ƙatuwar randa a gindin katanga, ya yi mata rumfar zana. Ranar kasuwa sai a cika ta sau da yawa. Bafulatani da sandarsa, Bazabarme, 'yan fito masu jarkokin mai, har ma'aikatan kan iyaka, kowa ya san wurin. Kuma yana da ƙa'idar da bai taɓa karyawa ba. Kullum da safe in an cika randa, shi zai fara ɗiba, ya ɗaga moɗa ya duba a hasken rana, ya sansana, ya kurɓa, ya ɗan jira, sannan ya kife moɗar a kan murfi. Yakan ce maigida ne ke fara sha, in akwai sharri ya tsaya a kansa. Na ga ranar da wata tsohuwar Badandiya ta yanke jiki ta faɗi a wurin da kayanta a ka. Ya sa aka shigar da ita wurin Inna, ta yi jinya har ta warware, ya aika aka sayar mata da kayanta. Amma da za ta tafi sai da ya sa ta buɗe ƙullinta a gabansa, wai kada daga baya a ce wani abu ya ɓata a gidansa.

Faɗansa mafi girma da ƙanensa ya yi shi, kuma a kan ruwa ne. A shekarun farko na shari'a wata mummunar ɗabi'a ta shigo wa masunta. Ana sayo maganin feshin auduga daga ƙetare a zuba a tafki, kifi ya taso ciki sama, a kwashe da kwando. Wata safiya Kawu ya kama Kawu Ƙarami da kwalbar a hannu, a bakin tafkin da mata ke ɗiban ruwa in gulbi ya ja. Ina wurin. Bai ɗaga murya ba. Ya cika ƙwarya da ruwan tafkin ya miƙa masa ya ce, "Sha." Kawu Ƙarami ya tsaya yana kallon ƙasa. Kawu ya ce, "Kai ba ka sha, ɗiyan wa ka so su sha?" Ya rantse in ya ƙara gani, shi da ƙafarsa zai kai shi gaban alƙali. Kawu Ƙarami bai ƙara ba, amma daga ranar suka raba kwano. Suna gaisawa, suna sahu ɗaya a masallaci, in Kawu Ƙarami ya dawo daga gona yakan tsaya ya sha ruwan ƙofa kamar kowa, iyakarta ke nan. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

To, ana nan sai ga taubashiyata ta zo da rani, da bokitan roba biyu, ɗaya a kan ɗaya, da kwali a ɗaure. A hanya ma an tsare ta an bincike kwalin, wai ko albarushi ne. Ta girke kayanta a tsakar gida, muka taru, ni da mahaifiyata da Kawu Ƙarami, Inna na bakin madafa. Kawu na inuwa ya ba mu rabin baya, ya manna rediyo a kunne. Tunda ba ta iya fuskantarsa kai tsaye, ni ta riƙa yi wa bayanin, da murya mai ƙarfi kamar kurma take wa magana.

Ta ce alif na kwantar da laka, tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma akwai abin da duk biyun ba sa taɓawa. Ragowar maganin feshi ne, na gonakin audugar ƙetare da na shinkafarmu, da ruwan sama ke wankowa zuwa gulbi. Ɗan kaɗan ne ƙwarai, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, ba ya kayar da mutum yau, sai dai ya yi ta taruwa a jiki. Ta ɗago wani abu kamar guntun tabarya wanda ke ɗaure tsakanin bokitan biyu, ta ce ta cikinsa ruwa ke bi. Sannan ta nuna mana baƙin gari a wata 'yar kwalba a toshe.

Ta ce, "Dangin gawayi ne. Sai dai an nannaɗe shi ya zama bututu-bututu, sirara har ido ba ya ganinsu sai da na'ura. Nanotub muke ce musu. In ruwa ya ratsa, gubar sai ta manne a jikinsu ta tsaya."

Na ce, "Wato duk shekarun nan gawayi aka tura ki karantowa? Ai da kin tambayi Inna a madafa."

Ta harare ni ta ci gaba. Ta ce sun gwada shi a ɗakin bincike, ita ma shi take sha, an kuma ba su izinin gwadawa a gidajen da suka amince. Ta ce a canza guntun idan gulbi ya kawo da kuma idan ya ja, ga sababbi nan a kwali. Wanda aka cire kuwa kada a jefa shi a gulbi, kada a sa a wuta, kada a bar wa yara. A sa a leda a ɗaure tam a ajiye, in ta zo za ta kwashe.

Kawu bai juyo ba. Ya ce, "Ku tambaye ta, abin da ido bai gani shi ka kama abin da ido bai gani. Wa ya shaida?"

Ta ce da ni, "Ka gaya wa Baba akwai na'urar da ke aunawa, kafin da kuma bayan an tace."

"Ku tambaye ta, in shi ya kama guba, shi wa ka kama shi kada shi bi ruwa?"

Ta ce an gasa garin a cikin yumɓu ya kame, ba ya fita, wannan ma sun auna. Ni dai na ga ta amsa duk abin da aka tambaye ta. Amma ya ƙara wa rediyo murya ya ce, "Tokar nasara. A hitar min da ita." Aka mayar da bokitan zaure. Da na goya ta a babur zuwa tasha, na ji tana shessheƙa a bayana, na ce ko ƙwaro ne ya faɗa mata ido. Ta ce, "Ko a bari shi kwana bai ce ba. Baƙon da bai sani ba ma yana ba shi kwana."

Labari ya bazu, kowa ya ƙara nasa gishiri. Wasu suka ce maganin hana haihuwa ne, wasu suka ce Turawa ne ke gwaji da talakawa. Da aka tambayi Kawu a ƙofar masallaci, cewa ya yi a tambayi masu shi. Mutane suka ce madalla, tsoho ya yi maganin 'yar boko. Bokitan suka ɓace daga zaure, kowa ya ɗauka ya watsar. Ita ma ta ɗauke ƙafa, sai da sallah take leƙowa, ba ta ƙara tayar da zancen ba.

A damina ta uku bayan haka ƙafafunsa suka fara kumbura. Asibiti suka ce ƙoda ce da hawan jini. Ya sha maganinsu, bayan ya sa an karanta masa abin da ke jikin kowane kwali. Bai tashi ba. Da aka shiga turakarsa za a fito da shimfiɗa don wanka, Kawu Ƙarami ya ɗaga wata tabarma da ke rataye a lungu, sai ga bokitan nan biyu, a jiƙe, ruwa na ɗiga daga na sama zuwa na ƙasa, kofin Kawu a kife a kai. Daga nan maganar ta tashi. Kowa ya ji da kunnensa tsoho ya ƙi abin nan, to wa ya shigar da shi ɗakinsa? Sai dai ɗiyarsa, da haɗin bakin uwarta, suka lallaɓa suka riƙa ɗura wa marar lafiya.

Kwana uku taubashiyata na zaune a ɗakin mahaifiyata, mata na shigowa gaisuwa suna tsallake ta. Na tambaye ta, ta rantse mini ba ta san bokitan na nan ba. Na yarda da ita, amma ba zan ɓoye ba, har ni sai da na yi ta juya abin a raina, don ruwan dai ga shi yana ɗiga. Inna kuwa tana ɗakin takaba, ta ji komai, ba ta ce uffan ba. Mutane suka ce shirun nan ma shaida ne.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, Kawu Ƙarami ya shigo tsakar gida, yanzu shi ne babba. Ya sa na fito da bokitan na dire a gabansa, ya sa aka kira taubashiyata. Maza na cike a waje, mata na tsaye a ƙofofin ɗakuna.

Ya ce, "Gobe kayan ga gaban alƙali za su kwana. Ke kuma ki tattara ki koma inda kika hito. Ba ki yin bakwai a gidan ga."

Ta durƙusa ta ce, "Baffa, wallahi na ɗauka ya zubar da su."

"To aljannu sunka ɗora mishi? Yayana ya ce bai so, gaban kowa. Kunka bari sai da ya kwanta, ke da uwarki."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, in guba ake nema a cikin ruwan garin nan, ai ba daga jami'a aka fara kawo ta ba. Akwai mai kwalba a bakin tafki." Mahaifiyata ta daka mini tsawa ta ce in rufe mata baki. Fuskarsa ta yi baƙi, har ya ɗaga hannu. Na san maganar ta yi nauyi ga babba, amma har gobe ina ganin abin da ke cinsa ke nan. In baƙin garin ne ya kashe yayansa, to ba ruwan gulbi ba ne, kuma ba abin da shi ya taɓa zubawa ba ne.

Sai muka ji murya daga bayan labulen ɗakin takaba. Inna ce, a hankali take magana, amma babu wanda bai ji ba.

"A shiga turaka. Akwai garwa ƙarƙashin gado, a jawo ta."

Na shiga na jawo wata tsohuwar garwar kananzir mai murfin katako. Da na buɗe sai ga guntayen nan da aka gama amfani da su, kowanne a cikin ledarsa, an ɗaure bakin da zaren koma. Duk masuncin da ke garin ya san ƙullin, Kawu kaɗai ke yin irinsa, mai kunne biyu. Taubashiyata ta ɗauki ɗaya tana juyawa.

Inna ta ce, "Ranar da ta tahi, kahin magariba shi da kainai ya ɗauke bokitan daga zaure. Ya ce shi kwana. Ya hwara ba agwagi. Ya kamo ƙananan kihi ya sa a daro ya zuba musu. Da ya ga ba su mutu ba ya hwara sha, shi kaɗai, ya hana ni ko kurɓa har shekara ta zagayo. Duk abin da anka hwaɗa ranar nan yana riƙe da rediyo, babu wanda ya wuce shi. In gulbi ya kawo shi canza, in ya ja shi canza."

Kawu Ƙarami ya ce, "To ga shi ya sha, ga inda ya kai shi."

"Ba shi kaɗai ya sha ba. Da shekara ta cika ya ce in riƙa cika randar ƙofa da shi. Tun damanar bara, duk wanda ya ɗaga moɗar nan shi ya sha. Kai ma kullum ka taso daga gona nan ka tsayawa. Na cikin gida da kuka ƙi kwana ukun ga, shi na ruwan rijiya, don bokitin bai isar taro."

Mahaifiyata ce ta tambayi abin da ke bakin kowa, ta ce to don me bai faɗa ba?

Inna ta ce, "Da wane baki? Shi tashi gaban masallaci shi ce ɗiyar hwari ta yi abin kirki? Cewa ya yi in an yi girbi za shi kira ƙanenai su ci tuwo kwano guda, shi ba shi maganar, shi hwaɗa wa gari. Ya ce Baffanta shi na bakinta. Girbin na bai gani ba. Ni kuma na yi shiru ina jiran Baffanta shi tsaya mata, sai na ji shi ka korar ta."

Daga nan sai ta yi abin da ban taɓa ji ba. Ta ɗaga labule kaɗan, ta kira sunan ɗiyarta, sunan yanka, a gaban surukai da kowa, ta ce, "Taho nan, ba inda za ki." Mata suka sunkuyar da kai don kunya. Taubashiyata, mace mai koyar da manyan ɗalibai, ta rarrafa ta kifa kanta a cinyar uwarta, garwar na rungume a hannunta.

Kafin mu fito maganar ta riga mu zuwa waje. Kai, na ga abin dariya a ranar kuka. Mai azumin nafilar nan ya dafe ciki, wani ya koma gefe yana tofar da yawu, alhali shekara guda yana sha yana cewa duk hanyar Lolo babu ruwa mai daɗin wannan. Amma akwai waɗanda suka yi fushi na gaske, kuma suna da gaskiya. Wani dattijo ya ce ko zuma ce, ba a ba mutum abin da bai sani ba. Ina son Kawu, amma a nan bai kyauta ba, kunya ta sa ya yi wa jama'a abin da shi da an yi masa ba zai yafe ba.

Taubashiyata ta fito da lulluɓinta ta tsaya a bakin zaure. Ta ce da ta sani da ba ta bari a zuba wa kowa ba sai da yardarsa, ta roƙa wa mahaifinta gafarar duk wanda ya sha bai sani ba. Ta ce ajali na Allah ne, ba za ta rantse a kan abin da ya taɓa ƙodar mutumin da ya shekara saba'in yana shan gulbi ba, amma za ta ɗebi ruwan randar a auna, a wurin da ba nata ba, a kawo wa kowa sakamako. Mutane suka yi ta kallonta. Sai ta nufi randar ta ɗauki moɗa za ta ɗiba.

Kawu Ƙarami ya riƙe moɗar. Na matso, don na ɗauka jifa zai yi da ita.

Ya ce, "Saki. A gidan ga ba ɗiya ka hwara sha ba."

Ya buɗe murfi ya ɗiba. Ya ɗaga a hasken rana ya duba, ya sansana, ya daɗe yana kallon ruwan, wallahi kamar yayansa ne ya dawo. Ya ce, "Wanga dai ya kwana." Ya shanye tas, ya ɗan jira, sannan ya juya ga jama'a.

"Ku ji, ruwan ga aikin ɗiyarmu na. Yayana ya gwada shi da jikinai kahin shi ba kowa. Wanda ya so shi sha, wanda bai so ga rijiya can. Wanda kuma ya ƙara cewa ta kashe ubanta, ni za ni kai shi gaban alƙali."

Ya sake ɗiba ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta yi bakwai a gidan, ta yi arba'in. Sakamakon awo ya zo, liman ya karanta a ƙofar masallaci, babu abin cutarwa a ciki. Wasu sun yarda, wasu sun ce takarda ai mutum ke rubuta ta, mutanenmu ke nan. Randar tana nan a gindin katanga. Kawu Ƙarami ne ke fara sha kullum da safe, kuma duk baƙon da ya miƙa hannu sai ya gaya masa abin da ke ciki tukuna. Akwai masu mayar da moɗa su wuce, ba ya jin haushi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da masu wucewa, Ya yafe masa abin da ya ɓoye, Ya ba Inna haƙurin zama bayansa.

Ranar da za ta koma, ni na goya ta zuwa tasha, garwar na kan cinyarta. Na ce in an je can sai a kwance ledojin a auna gubar da gawayinta ya kama, mu gani ko ya yi aikin ko cika baki ne. Ta ce ta riga ta ciro guntayen tun a gida. Na waiga na ga yadda ta yi. Ta ƙasa ta yanka kowace leda da reza ta zare abin da ke ciki. Ƙullin Kawu kuwa ko ɗaya ba ta kwance ba.